Kirsimetin 2020 a wani gida a Landan

Gidan da al'adarsa

Iyalin da wannan nazari ya bi Hausawa ne Kiristoci, asalinsu daga ƙasar Zazzau. Maigidan ya zo Ingila karatu a farkon shekarun 1980, matarsa ta biyo shi, suka yi zamansu a kudancin Landan. 'Ya'yansu uku. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, nas ce a wani asibitin gwamnati, tana da miji da yara biyu, kuma tsakanin gidanta da na iyayenta bai fi tafiyar minti ashirin a mota ba. Na biyu namiji ne, yana Manchesta da matarsa, yana aiki a otel. Auta, mai shekara 28, ta koma karatun digiri na biyu a wata jami'a a arewacin ƙasar. Uwarsu, Mama, shekararta 71, tana da ciwon suga da hawan jini.

Wanda bai taɓa yin hunturu a Ingila ba, da wuya ya gane nauyin hutun ƙarshen shekara a can. A makon Kirsimeti rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, hasken yini bai kai awa takwas ba. Makarantu kan tafi hutun mako biyu, ofisoshi su rufe, ranar 25 ga wata kuma babu bas babu jirgin ƙasa a Landan. Wanda ya zo gidanka sai ya kwana, wanda ba shi da inda za shi kuwa zai wuni daga shi sai bango.

A gidan nan, daga 24 zuwa 26 ga wata ana tara mutum ashirin, wani lokaci fiye: 'ya'ya da jikoki, ƙanwar maigidan wadda yara ke kira Gwaggo, da ɗalibai 'yan Najeriya da Baba kan kwaso daga coci don ba su da kowa. Ana gasa talotalo saboda yara su ga an yi irin na Turawa, amma abin da ake sharewa shi ne dafa-duka da masa da miyar taushe da naman rago. Baba ne ke buɗe taro da addu'a, shi ke jan waƙa daga wani tsohon littafin waƙoƙin Hausa da bangonsa ya daɗe da cirewa. Kicin kuwa na Mama ne, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi.

Maris zuwa Oktoba

Ranar 23 ga Maris 2020 Firaminista Boris Johnson ya sanar da dokar kulle ta farko saboda korona. A cikin Afrilu Baba ya kwanta, aka kai shi asibiti, ya rasu ba tare da wani nasa a kusa ba. Mutum ƙalilan aka bari suka raka shi maƙabarta, kowa a tsaye nesa da ɗan'uwansa. Ba a yi zaman makoki ba. Gaisuwa ta waya aka yi ta yi, daga Zariya, daga Kaduna, daga Amurka, har Mama ta gaji ta daina ɗagawa.

Sannu a hankali matar da ta saba dafa wa gida guda ta koma shayi da burodi. Sugan da take aunawa kowace safiya ya riƙa hawa da sauka saboda ba ta cin abinci a kan kari, rigunanta suka yi mata yawa. Daga 13 ga Yuni gwamnati ta ba wanda ke zaune shi kaɗai damar haɗa gidansa da wani gida guda, a ɗauke su tamkar gida ɗaya, su shiga wa juna yadda suke so. Mama ta haɗa da gidan Yaya. Sai dai Yaya a sashen masu korona take aiki, tana ganin abin da cutar ke yi wa masu shekarun Mama da irin ciwonta, don haka ko ta zo sai ta ajiye cefane a bakin ƙofa ta ja baya. Haɗin ya tsaya a suna kawai.

Na Manchesta shi ma shekarar ba ta zo masa da sauƙi ba. Otel ya rufe, aka sa shi cikin shirin gwamnati na biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin waɗanda aiki ya tsaya musu, ɗan ihsanin da baƙi ke ba shi wanda da shi yake cike giɓi kuma ya tafi.

Akwai wani abu da ba wanda ya kula da shi a lokacin. Maƙwabciyar Mama, wata Musulma 'yar asalin Pakistan, ta riƙa ajiye mata abincin buɗa-baki a bakin ƙofa cikin azumin da ya faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ta ƙwanƙwasa ta yi tafiyarta. Kwanonin suka taru a kicin. Mama ta wanke su ta jera, ba ta mayar ba.

24 ga Nuwamba: shiri na farko

Ana tsakiyar kulle na biyu, wanda ya fara 5 ga Nuwamba zai ƙare 2 ga Disamba, gwamnatin Birtaniya da gwamnatocin yankunanta suka amince cewa daga 23 zuwa 27 ga Disamba gidaje uku za su iya haɗuwa su yi biki, har da kwana. A daren zauren WhatsApp na iyalin bai yi barci ba. Na Manchesta ya yanki tikitin jirgin ƙasa biyu na ranar 23. Yaya ta yi odar talotalo mai kilo shida da rabin rago daga mahaucin halal da suka saba da shi, ta nemi hutu a wurin aiki, aka ba ta ranar 25 da 26.

Gwamnati ta ware 3 zuwa 9 ga Disamba domin ɗaliban jami'a su koma gida, aka tanadi gwajin gaggawa a makarantu. Auta ta yi gwaji sau biyu, ba a ga komai ba, ta iso Landan ranar 8 ga wata. A ranar ce aka yi wa Margaret Keenan, tsohuwa mai shekara 90, allurar riga-kafin Pfizer a Coventry, ta farko da aka yi wa wani ba a matsayin gwaji ba, abin da ya sa mutane da yawa suka ji kamar ƙarshen wahala ya zo. Gidan Yaya ɗaki biyu ne, babu wurin baƙo, saboda haka Auta ta sauka gidan Mama, a ɗakin da Baba ke karatu. Ta yi kwana goma tana killace kanta, kofinta daban, tagarta a buɗe. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin babbar shawara, maganar makwanci ce kawai.

Amma ta taɓa lissafi. Ƙa'idar haɗin gida ta gidan da babba ɗaya ne kawai a ciki, yanzu kuwa manya biyu ne a gidan Mama, don haka suka ɗauka haɗinta da gidan Yaya ya faɗi. Gidan Mama ɗaya, na Yaya biyu, na Manchesta uku. Gurbi ya cika, Gwaggo tana waje. Yaya ce ta kira ta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, bana doka ce ta zo da haka."

"Ba komai," in ji Gwaggo. "Ai mai kirana ya riga ya tafi." Ta kashe wayar.

14 zuwa 18 ga Disamba: an rage shiri

Ranar 14 ga wata Ministan Lafiya Matt Hancock ya shaida wa majalisa cewa an gano sabon nau'in cutar da ke yaɗuwa a kudu maso gabashin Ingila, kuma Landan za ta shiga mataki na uku na takunkumi daga ranar 16. Ranar 16 ɗin Johnson ya ƙi soke sassaucin Kirsimeti, amma ya roƙi jama'a su rage yawan taro da tsawonsa, su kuma rage cuɗanya kwana biyar kafin haɗuwa.

Iyalin suka fito da shiri na biyu: yini ɗaya, babu kwana, tagogi a buɗe, kowa ya kame kansa daga Juma'a 18 ga wata. Shirin ya yi kyau a baki, da aka zo aunawa sai ya ƙi zama. Yaya tana da aiki har ranar 24. Mijinta direban tasi ne, kullum da baƙuwar fuska a bayansa. Yara suna makaranta har ƙarshen makon. Na Manchesta ba shi da mota, jirgi kuma ba ya tafiya ranar 25, to ta ina zai zo ya koma ba kwana? Ga kuma tsohuwa mai hawan jini da za a zaunar yini guda a falo da tagogi a wangale cikin Disamba.

Kowa ya ga wannan, amma ba wanda ya ce a fasa. Yaya tana jira ƙanenta ya faɗa, shi yana jira ta faɗa, domin ba mai so ya zama shi ne ya hana Mama Kirsimetinta na farko bayan Baba. Ita kanta Mama, har zuwa ranar ba wanda ya tambaye ta abin da take so. Ana ta shirya mata, tana cewa to.

19 ga Disamba

Asabar da yamma Johnson ya fito ya sanar da mataki na huɗu a Landan da yawancin kudu maso gabas da gabashin Ingila, daga tsakar daren ranar. Mutum kusan miliyan 16 abin ya shafa. Ya ce sabon nau'in zai iya fin na da saurin yaɗuwa da kashi 70 cikin ɗari. A waɗannan wurare an soke haɗuwar Kirsimeti gaba ɗaya, an hana fita daga yankin, an rufe shagunan da ba na buƙatar dole ba. Abin da aka bari shi ne mutum ɗaya ya haɗu da mutum ɗaya na wani gida a fili, da kuma sujada a wuraren ibada. Sauran Ingila aka bar musu ranar 25 kaɗai. Kafin dare tashoshin jirgin ƙasa, musamman St Pancras, sun cika maƙil da masu neman ficewa kafin doka ta fara aiki.

Na Manchesta ya kawo shawara ya ari motar aboki, ya zo ya ɗauki Mama da Auta kafin sha biyun dare. Tafiyar awa huɗu ce, lokaci zai isa. Aka haɗa kira, murya ta ɗaga.

"Yaya, zumunci a ƙafa yake. Mun bar Baba ya tafi shi kaɗai, yanzu kuma mu bar Mama?"

"Ka zo ka wuni da ni a wurin aiki, sannan ka yi mini wannan maganar."

Auta ce ta ɗauki wayar ta kai wa Mama a ɗaki, ta ce ga su nan a kanki suke yi. Mama ta saurara, ta ce, "Ba inda za ni. Babanku na nan kwance, in tsallake shi in gudu da dare? Kai kuma ka zauna da matarka." Magana ta ƙare a nan, duk da cewa ɗan bai ji daɗi ba, ya yi kwana biyu ba ya amsa saƙon yayarsa. Kuɗin tikiti dai sun dawo, domin gwamnati ta ce a mayar wa duk wanda ya yanki tikitin 23 zuwa 27 ga wata bayan sanarwar Nuwamba.

20 ga Disamba: gwajin Zoom

Shiri na uku shi ne a mayar da taron cikin kwamfuta, ta manhajar kiran bidiyo ta Zoom. Aka ce a gwada ranar Lahadi da yamma. Gida bakwai suka shiga, har da 'yan'uwa a Zariya. Kowa na magana lokaci ɗaya, intanet ɗin Zariya na yankewa, yara suna gwalo a kyamara, wani kare yana haushi a wani gida ba a san na wane ne ba. Aka ce a yi waƙa, muryoyi suka riƙa isowa a warwatse, wani na baiti na biyu wani bai gama na farko ba. Wani kawu ya fara addu'a, yana tsaka sai minti arba'in na kyauta suka cika, allo ya ɗauke.

Auta ta ce Mama ta daɗe tana kallon kwamfutar, sannan ta ce, "Shi ke nan?" Ta tashi ta shiga ɗaki ƙarfe bakwai, ba ta ci abincin dare ba. Kamfanin Zoom ya cire iyakar minti arba'in a kwanakin bikin, amma da Auta ta ba Yaya labari, suka ga ƙarin lokaci ba zai gyara komai ba. Hayaniyar gida bakwai ta cika falon, ta ɗauke farat ɗaya, ta bar Mama cikin shirun da ya fi na kafin kiran nauyi.

21 zuwa 24 ga Disamba: kwanoni

Litinin da safe matsalar da ke gabansu ta firji ce. Ga talotalo kilo shida, ga rabin rago, ga buhun shinkafa, masu ci mutum biyu. A talabijin ana nuna manyan motoci da suka maƙale a hanyar tashar jiragen ruwa ta Dover bayan Faransa ta rufe iyakarta ranar 20, ana fargabar ƙarancin kayan lambu a shaguna, su kuwa wurin ajiya suka rasa. Auta tana neman inda za ta cusa nama ta ci karo da kwanonin maƙwabciya.

"Mama, kwanonin matar nan fa? Tun azumi."

"Na sani. Ba a mayar da kwano haka nan."

Daga nan abin ya fara. A garuruwan arewacin Najeriya inda Kirista da Musulmi ke maƙwabtaka, ranar Kirsimeti yara kan wuni suna kai shinkafa da nama gida-gida, ranar Sallah kuma kwanonin su juyo. Mama a cikin wannan ta tashi. A Landan al'adar ta kwanta, domin mutane ne ke zuwa wurin abinci. Ta ce Auta ta ɗauko biro. Sunan farko na maƙwabciya ne, na biyu Gwaggo, sai tsofaffin coci da ke zaune su kaɗai, sai ɗaliban Baba da ba su samu tafiya ko'ina ba, sai wani Bature dattijo a ƙarshen layi da matarsa ta rasu a bazara. Kafin azahar jerin ya kai gida goma sha huɗu.

Washegari Mama ta tashi ƙarfe biyar ta jiƙa shinkafar masa. Aka sauko da tanda daga saman kabad, aka fito da manyan tukwane da ba su ga wuta ba tun Disambar bara. Na maƙwabciya tukunyarsa daban, cokalinsa daban, daga naman rago kaɗai, kamar yadda ake yi a gida. Mai girki dole ta ɗanɗana, mai tsayuwa yini guda dole ta ji yunwa, sai ga Mama tana cin abinci sau uku ba tare da an roƙe ta ba, sugan safe ya daidaita fiye da yadda Auta ta gani tun zuwanta. Ta kuma dawo da faɗa, wanda 'ya'yan suka ɗauka alamar lafiya: Auta ta yanka albasa da kauri, Auta ta cika wa tanda mai.

Mijin Yaya ne ɗan aike, tunda tasi ba ciniki. Auta kan jera robobi a bakin ƙofa da suna a kan kowanne, ta koma ciki, shi kuma ya gaida Mama daga bakin get, ya kwashe. A duk dokokin shekarar, nisan taku biyu tsakanin suruki da surukarsa ne kaɗai bai zo wa kowa a baƙo ba. Na Gwaggo aka fara kaiwa, da cinyar rago a ciki, kuma Mama da kanta ta kira ta kafin mota ta isa.

Na maƙwabciya Mama ce ta kai, a cikin kwanonin matar. Suka tsaya, ɗaya a ƙofa ɗaya a hanya. Matar ta ce ta san ciwon, domin 'yan'uwanta a Bradford suke, kuma daren 30 ga Yuli, ana gobe Babbar Sallah, aka sanar da hana shiga gidajen juna a can da Manchesta da wasu garuruwan arewa, bayan an gama cefane da girki.

Wuri ɗaya dabarar ta ƙi. An aika wa na Manchesta ƙunshin dambun nama da cincin ranar 22, bai isa ba sai ranar 29. Abin da ya cike gurbin shi ne kiran bidiyo tsakanin Mama da matar ɗanta, su biyu kawai, waya a jingine da kwalbar mai, tana koya mata masa. Ƙullin farko bai tashi ba saboda sanyin kicin. Mama ta ce, "'Yata, rufe shi ki kai kusa da hita, ki bar shi ya kwana." Kiran ya ɗauki kusan awa biyu, kuma Mama ta tashi daga gare shi tana dariya.

25 ga Disamba

Cocinsu a buɗe yake, amma sai an yi rajistar kujera, kuma an hana jama'a waƙa a ciki. Mama ta ce sujadar da ba waƙa ba za ta fitar da ita cikin sanyi ba. Ta bi ta intanet, da aka gama ta ɗauko littafin Baba, ita da Auta suka rera uku.

Da tsakar rana Auta ta kai ta maƙabarta a motar Baba. Yaya tana jira. Doka ta yarda da mutum biyu a fili, saboda haka Auta ta tsaya a mota. Uwa da 'ya suka tsaya a bakin kabarin da takunkumi a fuska, taku biyu a tsakani, kamar minti ashirin, har sanyi ya kore su. Jikoki suna cikin motar ubansu a bakin hanya, aka sauke gilashi, Mama ta ɗaga murya ta tsokani namijin cewa wane irin maigida ne da bai kawo kuɗin cefane ba, ta ce da macen kishiya ta rame.

Ƙarfe uku suka kalli jawabin Sarauniya Elizabeth, wadda ita ma shekarar a Windsor ta yi bikin maimakon Sandringham inda ta saba. Ta ambaci cewa mabiya addinai daban-daban sun rasa haɗuwa a bukukuwansu, ta lissafa har da Ista da Sallah.

Kiran iyali aka sake masa fasali. Ƙarfe shida, gida huɗu kacal, da Gwaggo a ciki. Mijin Yaya ne shugaba, wanda ba shi ke magana ba ya kashe makirufo. Kowane gida ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa game da Baba. Waƙa ɗaya aka yi, Mama ta ja, sauran suka bi a gidajensu ba tare da an ji su ba. Masa da miyar taushe ce a gaban kowa, har da ta Manchesta da ta ɗan ƙone. Minti ashirin da biyar aka rufe. Sannan abin da Auta ta tsara a ɓoye ya biyo: ɗan ya kira shi kaɗai ƙarfe bakwai, Gwaggo ƙarfe takwas, kawu na Zariya bayanta, yadda gidan bai yi tsit lokaci ɗaya ba. Mama ta kwanta wajen goma.

27 ga Disamba zuwa Mayu 2021

Ranar 27 zazzaɓi ya kama Yaya, gwaji ya nuna korona. Mijinta ya biyo baya. Suka killace kansu kwana goma, suka warke a gida, duk da cewa Yaya ta yi makonni tana haki in ta hau bene. Mama da Auta ba abin da ya same su.

Daren 31 ga wata ne ya kama kowa ba shiri. Duk ƙarfi ya tafi a kan ranar 25, ba wanda ya tuna cewa Baba ne kan tara gida ƙarfe sha biyu saura a yi addu'ar shiga sabuwar shekara. Yaya tana kwance, ɗan aike yana kwance, Manchesta ma ranar ta shiga mataki na huɗu. Mama ta kulle ɗaki tun magariba. Kwanakin da suka biyo ta koma shayi da burodi, ga fargabar 'yarta. Ranar 4 ga Janairu aka sanar da kulle na uku, ranar 8 Magajin Garin Landan Sadiq Khan ya ayyana halin gaggawa saboda asibitoci sun kusa cika, ranar 26 kuma yawan waɗanda cutar ta kashe a Birtaniya ya haura 100,000.

Auta ta koma kan abin da ta ga ya yi aiki. Ta sa ranar Asabar ta zama ranar girki, gida huɗu da za a iya kai wa da ƙafa. Bai kai armashin na Kirsimeti ba, amma ya ba mako wani abin jira. Daga 18 ga Janairu aka fara kiran 'yan shekara 70 zuwa sama, Mama ta karɓi allurarta ta farko kafin ƙarshen wata. Da aka yarda gida biyu su haɗu a lambu daga 29 ga Maris, iyalin Yaya suka ci abincin Ista a bayan gidan Mama ranar 4 ga Afrilu. Na Manchesta bai shiga falon uwarsa ba sai bayan 17 ga Mayu.

Hukunci

Shirye-shirye ukun farko duk abu ɗaya suke nema, wato a maido da teburin mutum ashirin ko da a ƙanƙance ne, kuma biyu daga ciki sun rataya a kan maganar gwamnati da ta sauya sau biyu cikin kwana 25. A nan gwamnati tana da nata laifin. Alkawarin 24 ga Nuwamba ya sa iyalai sun kashe kuɗi sun ɗora rai, kuma a gidan nan shi ya haifar da lissafin da ya fitar da Gwaggo, a kan taron da a ƙarshe ba a ma yi ba. Amma jinkirin 14 zuwa 18 ga wata nasu ne. Da sun tambayi Mama tun farko, da sun ji cewa kusanci da kabarin ya fi damunta fiye da cikar falo.

Rabon abinci ya yi aiki ne saboda ya mayar da Mama mai bayarwa bayan wata takwas ana ajiye mata cefane da gaisuwa, kuma bai buƙaci izinin kowa ba. Kiran da ya yi amfani shi ne mai aiki a cikinsa, ko mai shugaba da iyaka. Ta fuskar lafiya ba za a rantse cewa haɗuwa za ta sa wa Mama cutar ba, amma mai korona kan fara yaɗa ta kwana biyu kafin alamu su bayyana, kuma a shiri na farko da na biyu Yaya da Mama a falo ɗaya za su wuni ranar 25.

Akwai kuma kuɗin da aka biya ba a rubuta ba. Duk abin da ya yi nasara, daga biro da jerin sunaye zuwa kiran da aka jera awa-awa, ya yiwu ne saboda akwai mutum a cikin gidan yana kallon Mama da ido, wato Auta, wadda ta sauka gidan ne don gidan yayarta ba ɗaki. Auta ta zo hutun mako uku, ta yi wata biyar, domin yawancin ɗalibai ba a bar su sun koma jami'a ba sai tsakiyar Mayu. Ita ce mai cefane, mai auna suga, mai sauraron kukan dare, alhali ita ma uba ta rasa. Aikin bincikenta ya tsaya, sai da ta nemi ƙarin lokaci. Yayyenta sun yi ta yi mata godiya a waya, amma kamar yadda aka yi wa Mama a Disamba, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda, kuma ba a zauna an raba kula da Mama tsakanin su uku ba sai da ta ce za ta koma makaranta.